Zuwa ga Ɗana Tafinta: Nauyin Kalmar Zargi Tsakanin Harsuna Uku

Mahaifinka ya shaida mini cewa ka samu aiki a Kano wurin wasu Sinawa masu sayen riɗi, kuma kai ne za ka riƙa shige musu gaba idan an fito sayayya, tun daga Dawanau har kasuwanninmu na kudancin Jigawa, Birnin Kudu da Sara ta ƙasar Gwaram da ƙauyukan da ke kewaye da Wurno. Na yi murna ƙwarai. Allah Ya sanya albarka, Ya sa ka fi ƙarfin abin da za ka samu. Akwai magana guda da nake so in yi da kai tun kafin kaka ta kankama, kuma na ga gara in rubuta ta, don ka riƙa komawa kanta idan buƙata ta taso.

Aikin da ka karɓa na tsayuwa ne tsakanin harsuna uku. Manomi zai yi maka magana da Hausa. Maigidanka yana tunani da Sinanci. Turancin da za ku haɗu a kansa kuwa na aro ne, kai a makaranta ka koye shi, shi ma haka. Lissafi ba zai ba ku wahala ba, domin ko bebe na iya danna farashi a waya ya nuna. Inda nake ji maka tsoro shi ne ranar da aka buɗe buhu aka ga abin da ba a so, rai ya ɓaci, kowa ya ɗauko kalmar da ta fi kusa da bakinsa. A wannan rana mutuncin wani dattijo na iya rataya a kan kalma ɗaya da za ta fito daga bakinka.

Hulɗarmu da mutanen Sin ba yau ta fara ba. Rediyonsu na Beijing ya soma watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, kafin ma Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da ƙasarsu a watan Fabrairun 1971. A Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing ana koyar da Hausa, kuma wasu daga cikin ɗalibanta suna yin ta har da karin magana. A 2019 Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi na Biyu, ya naɗa wa wani ɗan kasuwarsu, Mike Zhang, sarautar wakilcin mutanen Sin mazauna Kano. Amma masu jin Hausa a cikinsu ƙalilan ne. Yawancin waɗanda za ka yi aiki da su Turancin kasuwa suke da shi, gajere, mai kalmomi kaɗan, kowace kalma tana ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinta.

Wadda ta fi ɗaukar kaya ita ce “cheat”. A Sinanci akwai kalma guda, “pian”, mai faɗi sosai. Yaro ya yi wa uwarsa ƙaryar ya ci abinci, ita ce. Aboki ya zolayi abokinsa da labarin ƙanzon kurege, ita ce. Ɗan damfara ya kwashe wa mutum dukiyarsa kaf, har yanzu ita ce, sai dai a ƙara mata wata gaɓa a gaba ko a baya don a nuna girman abin. To, Basine mai koyon Turanci sau da yawa “cheat” yake fara kamawa a madadinta, sai ya riƙa amfani da ita a duk inda zai ce “pian”. Bature kuwa ya rarraba wannan fili. In maganar baki ce wadda ba gaskiya ba, “lie” zai ce. In an sa mutum ya gaskata abin da ba haka yake ba, ko da ba a furta ƙarya ko ɗaya ba, “deceive” ne. In an karkatar da fahimtarsa, wataƙila ma ba da niyya ba, “mislead” ne. “Cheat” ya tanade ta ga wanda ya karya ƙa'ida don ya ci riba a kan wani, a ciniki ko a jarrabawa ko a wasa. In kuma aka liƙa mata ɗan ƙaramin “on” a bayanta, magana ta bar kasuwa ta koma cin amanar aure, kuma masu koyo da yawa suna faɗa wa wannan rami ba su sani ba.

Saboda haka, idan maigidanka ya nuna wani mai kaya da yatsa ya ce “he cheat me”, kada ka juya nan take ka ce wa mutumin, “Ya ce kai macuci ne.” Ba ka san abin da ya ce ba tukuna. Mai yiwuwa nufinsa an gaya masa buhu arba'in ne ya tarar da talatin da takwas. Mai yiwuwa samfurin da aka nuna masa jiya ya fi wanda aka kawo yau haske. Mai yiwuwa kuma da gaske yana nufin an shirya masa cuta. Ka dakata ka tambaye shi: me ya faru, me aka ce maka, me ka gani? Idan ya faɗi abin da ya faru, shi za ka kai wa mai kaya: “Alhaji, ya ce an yi da ku arba'in, ya ƙirga ya ga saura biyu.” Wannan magana ce da za a iya amsawa. Ana iya sake ƙirga, ana iya kiran direba, ana iya tuna cewa biyun suna rumbu ba a ɗauko ba. Amma “macuci” ba ta da amsa sai rantsuwa da ɗaga murya, kuma a kasuwa irin ta Sara, inda kowa ya san uban kowa, kalmar za ta riga mutumin isa gida.

Ka lura cewa Hausarka ba ta gaza Turanci ba a wannan fage, ta yiwu ma ta fi shi tsefe abin. Muna da ƙarya, muna da ƙarin gishiri wanda bai kai ƙarya ba, muna da shaci-faɗi na wanda bai sani ba amma ya ƙi yin shiru. Ƙage daban, ƙazafi daban, shaidar zur daban. Yaudara tana zuwa da daɗin baki. Zamba tana zuwa da shiri, kuma mafi muninta ita ce zamba cikin aminci, wadda wanda ka yarda da shi kaɗai ke iya yi maka. Ha'inci na wanda aka ba aiki ne ya rage a ɓoye. Algus na kaya ne, a gauraya mai kyau da marar kyau. Tauye mudu na awo ne. Maguɗi na zaɓe ne da jarrabawa, almundahana ta ofis ce da takardu, damfara kuma ta wanda sana'arsa ke nan. Kakanninka ba su tara waɗannan kalmomi don ado ba. Sun daɗe suna ciniki, daga Kano zuwa Gwanja, daga nan zuwa Borno, kuma sun ga cewa laifi hawa-hawa ne, hukuncinsa ma haka. Kalma ma tiya ce, ɗana. Wanda ya auna wa ƙaramin laifi babbar kalma ya cika ya zubar, wanda ya auna wa babban laifi ƙaramar kalma ya tauye, kuma dukansu biyu awon bai yi daidai ba.

Bari in tsaya a kan riɗi, tunda shi ne abincinka. Ka san yadda ake aikinsa a wajenmu. A yanke, a ɗaure dami-dami, a jingina shi a gona ya bushe, sannan a kakkaɓe a kan tamfol ko tabarma, wanda ba shi da su kuma ya share ƙasa ya yi a kai. Iska tana kaɗawa, ƙura tana tashi, ganye yana karyewa. Babu riɗin da zai fito daga gona babu ɗan yashi da ƙaiƙayi, komai tsoron Allah na mai shi. Masu saye sun san da haka, shi ya sa a takardar ciniki sukan rubuta cewa tsaftar kaya ta kai kashi 98 ko 99 cikin ɗari, su kuma ƙayyade yawan danshi. Kalmomin da suke sawa a nan su ne “impurity” da “foreign matter”, wato datti da baƙon abu. Waɗannan ba zargi ba ne, bayanin halin kaya ne kawai. Idan aka tankaɗe aka ce dattin ya wuce ƙa'ida, abin da ke gaba shi ne a rage farashi ko a sake shiƙa, ba wanda aka zaga.

“Adulteration” kuwa wata aba ce. Wannan ita ce algus, kuma niyya ce ke raba ta da datti. Wanda ya je rafi ya ɗebo farin yashi mai laushi, ya tankaɗe shi don ya saje da ƙwayar riɗi, ya zuba a tsakiyar buhu ya rufe da mai kyau sama da ƙasa, wannan ba iska ce ta yi masa ba. Haka wanda ya yayyafa ruwa da dare don sikeli ya yi nauyi da safe. Ido mai gwaninta yana rabe su: dattin gona a warwatse yake ko'ina cikin buhu, na algus kuwa a dunƙule yake inda aka ɓoye shi. Ka koyi wannan rabewa wurin tsofaffin ma'auna tun kafin ka koyi kalmominta, domin in ba ka san abin ba, sanin sunansa da Turanci ba zai amfane ka ba.

Yanzu ga ɗaya gefen, kuma shi ya fi damuna, domin na san zuciyarka da son naka. Ranar da ka ga algus na gaske, kuma mai kayan ɗan garinmu ne, wataƙila ma kun haɗa kaka, harshenka zai so ya ce wa Basinen “mistake” ne, kuskure ne, ko “misunderstanding”, rashin fahimta. Kada ka yi. In ka kira algus kuskure, kai ma ka shiga cikin algus ɗin, kuma kai ne aka ba amana. Ba na ce ka tozarta mutumin a bainar jama'a ba. Ka ja shi gefe, ka ce, “Baba, wannan buhun ba zai wuce ba, kuma ni ba zan ce ban gani ba. A mayar da shi a gyara.” Sannan ka gaya wa maigidanka abin da ke cikin buhun yadda yake. Rufin asiri yana nufin kada ka yayata, ba ya nufin ka sauya wa abu suna.

Ka san abin da ya faru a kasuwar Madina, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa. Mai kayan ya kawo hanzarin ruwan sama, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma an tambaye shi dalilin da ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba, sannan aka yi gargaɗin nan mai tsanani da kowane ɗalibi ya haddace a kan mai algus. Ka duba da kyau: laifin bai zama jiƙewar ba, ɓoyewar ce. Ga kuma sura sukutum a Alƙur'ani da aka sa wa sunan masu tauye awo, ga mutanen Madyana da Annabi Shu'aibu ya yi fama da su a kan mudu da sikeli. Ba a ce sai in mai sayen Musulmi ne ba. Wannan tunani da wasu matasa ke yi, wai cutar baƙo ba cuta ba ce tunda yana da kuɗi kuma ba ya salla, ban san inda suka samo shi ba a addini, kuma ina roƙonka kada ka zauna inda ake faɗinsa.

Abin kuma ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka riƙa samu a cikinsa, irin wanda ake zubawa a buhu don kada ya yi gunda. Waɗanda suka zuba ba su ne kaɗai suka yi asara ba, har da manomin da bai taɓa riƙe kwalbar maganin ba. Sunan ƙasa ake rubutawa a jikin kwantena, ba sunan mai laifi ba. Su ma Sinawan sun ɗanɗana irin wannan a gida. A 2008 aka gano cewa ana zuba wani sinadari mai suna melamin a madara don gwaji ya nuna tana da gina jiki. Jarirai kimanin 300,000 suka kamu da ciwo, shida suka rasu, babban kamfanin Sanlu ya rushe, kuma a shekarar da ta biyo baya aka zartar wa mutum biyu hukuncin kisa. Iyaye a can sun daɗe suna neman madarar waje saboda tsoron ta gida. Na kawo maka wannan ne don ka san cewa idan maigidanka ya ga yashi ya harzuƙa fiye da yadda kake tsammani, ba daga ƙasar da ba a san algus ba ya fito. Ya san ƙarshensa ne.

Sai “lie” da “liar”. A Turancin da muke yi a nan, mutum yakan ce “it's a lie” don mamaki kawai, kamar yadda aboki zai ce maka “Kai, ƙarya ne!” in ka ba shi labarin da ya burge shi. Baƙo bai san wannan ba. Abin da ya koya a littafi shi ne an ce masa maƙaryaci, kuma a asalin Turancin kalmar tana da nauyi ƙwarai. A majalisar dokokin Birtaniya ba a yarda ɗan majalisa ya kira ɗan'uwansa da ita ba. A watan Yulin 2021 an fitar da wata 'yar majalisa, Dawn Butler, daga zauren saboda ta ce Firayim Minista Boris Johnson ya yi ƙarya kuma ta ƙi janyewa. Su kuma Sinawa suna da abin da suke kira “mianzi”, fuska, wanda ya yi kusa da abin da muke kira mutunci. Ƙaryata mutum a gaban yaransa na iya kashe cinikin shekaru. In lissafinsa bai yi daidai ba, ka ce adadin bai yi daidai da naka ba, a sake dubawa. Ka bar wa lissafin ya yi magana.

Akwai kuma abin da kowane ɓangare ke ɗauka ƙarya ce a wurin ɗaya, alhali al'ada ce. Basine ba ya son cewa a'a kai tsaye. Zai ce zai yi tunani, ko zai tuntuɓi na sama da shi, kuma sau da yawa wannan ita ce a'ar. Mutuminmu sai ya zauna yana jira, ya hana wa wasu kayansa, daga baya ya ce an yaudare shi. Mu kuma mukan ce “gobe in Allah Ya yarda” muna nufin nan kusa, shi kuma ya riga ya kira mota ya biya kuɗin lodi saboda ya ji “tomorrow”. A nan aikinka ya wuce juya kalma. Ka ce wa mai kaya, “Kada ka jira shi, in ka samu mai saye ka sayar.” Ka ce wa maigidanka, “Kayan ba za su haɗu ba sai ranar kasuwa mai zuwa.” In kuma mutum ya sa sunan Allah a alkawarin da ya san ba zai cika ba, wannan ba al'ada ba ce, saɓa alkawari ne, kuma an lissafa shi cikin alamomin munafuki.

“Fraud” kalmar kotu ce, ka riƙe ta da hannu biyu. Tana nufin an shirya ƙarya da gangan don a raba mutum da dukiyarsa, kuma wanda ya faɗe ta ya shirya kawo hujja. Lambar nan 419 da duniya ta san mu da ita, sashe ne na kundin laifuffuka da ake aiki da shi a kudancin ƙasar nan, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiya ta hanyar ƙarya. Mu a Arewa kundin Final Kod muka gada tun 1960, kuma a cikinsa sunan wannan laifi shi ne “cheating”, a sashe na 320. Ka ga ke nan kalmar da maigidanka ke jefawa cikin fushi, in ta shiga takardar ƙara a ofishin 'yan sanda, ta zama sunan laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Kundin ya ware cin amana daban, wato a ba ka ajiya ko kuɗin sayayya ka karkatar, ya ware ƙirƙirar takardar bogi daban. Ga kuma dokar tarayya ta 2006 a kan damfara, wadda hukumar EFCC ke gurfanar da mutane da ita. Abin da nake so ka fahimta shi ne, wanda ya karɓi kuɗin kafin alƙalami ya sayi riɗi, farashi ya tashi, ya kasa cika adadi, bashi ne a kansa da saɓa yarjejeniya, a zauna a yi sulhu ko a je kotu a nemi haƙƙi. Wanda ya karɓi kuɗin alhali ba shi da niyyar sayen ko tiya ɗaya, ya kashe waya ya bar gari, shi ne ɗan damfara. Idan aka sa ka rubuta ƙorafi, kada ka ɗora wa na farko sunan na biyu don a tsorata shi ya biya. Ana yin haka da yawa, kuma zalunci ne. Na ga magidanta sun kwana a bayan kanta a kan abin da bashi ne tsagwaronsa.

A kan “fake” ba zan daɗe ba. Jabu shi ne abin da aka liƙa wa sunan wani ko aka ce yana ɗauke da abin da babu shi, kamar maganin zazzaɓin da ba magani a ciki, irin wanda marigayiya Dora Akunyili ta yaƙa lokacin da ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ko takin zamanin da aka cika da yashi aka ɗinke a buhun kamfani, wanda manomanmu ke kuka da shi kowace damina. Kaya mai araha marar ƙarko kuwa ba jabu ba ne in an faɗi matsayinsa. Masana'antun Sin suna yin kaya daraja-daraja, kuma sau da yawa ɗan kasuwarmu ne ke zuwa Guangzhou ya zaɓi na ƙasa, ya dawo Kantin Kwari ya sayar da sunan na sama. Akwai Sinawa masu yin jabu, akwai namu masu yin odarsa. Kada ka yarda a ce maka wata al'umma ce macuciya, tasu ko tamu.

Na bar wadda ta shafe ka kai kanka zuwa yanzu. Za a kawo maka kuɗi, ɗana, ba sai ka nema ba. Mai kaya zai ce ga na goro, ka sa baki a ɗauki nasa. Wani zai ce ka gaya wa Basinen dubu kaza, ka ba shi dubu kaza, tsakanin naka ne, ai ba ya jin Hausa. Za a kira shi “commission”, za a kira shi la'ada, za a kira shi alheri. La'ada halal ce, kuma dillanci sana'a ce mai daraja da kasuwanninmu suka ginu a kanta. Amma la'adar gaskiya ita ce wadda mai saye da mai sayarwa suka san da ita. Gwajin mai sauƙi ne: za ka iya faɗa wa maigidanka adadin a gaban wanda ya ba ka? In za ka iya, la'ada ce. In sai an ɓoye, sunanta na Turanci “kickback” ko “bribe”, na Hausa kuma cin hanci, ko da da sallama da murmushi aka miƙo ta. Ka tuna ma'aikacin zakkar nan da ya dawo Madina ya ware wasu kaya ya ce su kyauta aka ba shi, aka tambaya ko da yana zaune a gidan iyayensa kyautar za ta same shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a Kitabul Farƙi, ya lissafa abin da ake kai wa masu mulki da sunan gaisuwa cikin ayyukan da ya soka. Sauya wa abu suna don ya haɗiyu tsohuwar dabara ce. Kai albashi ake biyanka don ka zama kunnen mutumin da bakinsa. In albashin bai isa ba, ka nemi ƙari a fili, ko ka ce a yanka maka la'ada a kan kowane buhu kowa ya sani. Sinawa 'yan kasuwa ne, sun san wannan tsari, kuma sun fi girmama wanda ya faɗi farashinsa a kan wanda suka gano daga baya. Kuma suna ganowa, domin wata rana za su zo da wani tafintan, ko su tura muryar da suka naɗa ga wani ɗalibin Hausa a Beijing.

Ga 'yan abubuwan da zan so ka fara yi tun daga wannan mako. Ka sayi ɗan littafi, duk kalmar zargi da ka ji maigidanka ya yi amfani da ita ka rubuta, tare da abin da ya faru a ranar, nan da wata biyu za ka san abin da shi yake nufi da kowace, wanda ƙamus ba zai gaya maka ba. Ka roƙe shi ya koya maka kalmominsu na wannan fage, “pian” da “pianzi” wato ɗan damfara, da “jia” wato jabu, da “chengxin” wato gaskiya da riƙon amana, wadda suke yawan rubutawa su rataye a shagunansu. Kai ma ka koya masa algus da kuskure da amana, ya riƙa jin bambancinsu a bakin mutane. Duk cinikin da ya wuce na hannu da hannu a rubuta shi, adadi da farashi da ranar kawowa da yawan dattin da aka yarda da shi, a karanta wa mai kaya da Hausa a gaban shaidu biyu kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Samfurin da aka amince da shi a raba biyu a ƙulle a leda, kowa ya riƙe ɗaya. A saƙon waya kuma, ko WhatsApp ne ko WeChat ɗinsu, kada ka rubuta wa kowa “fraudster” ko “thief” ko da an umarce ka, domin rubutu yana zama hujjar ɓata suna. Ka rubuta abin da aka yi alkawari, da abin da aka kawo, da abin da ake nema a gyara.

Idan kun shigo ƙasar Birnin Kudu, ka fara kai baƙonka ya gai da sarkin kasuwa da shugaban 'yan riɗi kafin a buɗe buhu ko ɗaya, don in saɓani ya taso a samu wanda za a kai wa magana. Ka gai da abokan aikinka. Mahaifiyarka ta ce in gaya maka ka riƙa kira.

Baffanka, daga Wurno.